A Ajiye Danƙo, A Kawo Kasko



Ranar Talatar da ta wuce, da aka fita tara, na zagaya bayan ajujuwa sai na tarar da yara uku 'yan ƙaramin aji a gindin darbejiyar nan ta kusa da katanga. Ɗaya yana riƙe da danƙo, biyu suna miƙa masa tsakuwa. Kafin na ƙaraso ya saki, wata kurciya ta faɗo. Ba ta mutu ba, fiffike ne ya karye, tana ta zagaye a ƙasa kamar an ɗaure mata ƙafa da zare. Suka yi shewa, suka ɗauke ta, kowa ya jujjuya ta a hannu. Ana kaɗa ƙararrawa sai suka wurga ta jikin katanga suka ruga aji. Ba yanka ta suka yi ba, ba gasawa suka yi ba, ba kuma yunwa ce ta sa su ba, domin ɗayansu ma da ragowar awara a hannunsa. Ba zan faɗi sunansu ko ajinsu ba. Sun san kansu, kuma na san za su tsaya a gaban wannan allo su karanta.

Kada su ɗauka wa'azi zan yi musu daga sama. Abin da na taɓa yi ya fi nasu muni, don ni na ɗauki kwana uku ina kashe nawa tsuntsun ba tare da na jefa ko tsakuwa ɗaya ba.

Ina aji shida na firamare na shiga tara kuɗin tarata, na hana cikina gurasa da ƙosai na makonni, har na sayi kanari a cikin ɗan kejin kara. Na rataye shi a soron gidanmu. Duk wanda ya zo wucewa sai na tsayar da shi ya ji kukansa. Gaskiya kanari ya iya rera murya, wanda bai taɓa jin sa da sanyin safiya ba ya yi rashi. Da bazara ta yi tsakiya aka tafi da mu biki ƙauye. Na cika masa murfin kwalba da ruwa, na zuba gero, na ce wa wani yaron maƙwabta ya riƙa leƙa shi. Yaro ya manta, ni ma can wajen biki ban ko tuna ba. Ranar da muka dawo na same shi kwance a ƙasan kejin, ƙafafu a sama, geron yana nan, murfin kwalbar kuwa ya bushe ƙamas. Ina kuka, kakata ta leƙo ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, da ka bar shi a dawa ai ya san inda ruwa yake." Ba ta ƙara ko kalma ba, ta koma ɗaki. Da bulala ta sa mini da tuni na manta.

Tun daga lokacin nake da ra'ayin da zan faɗa yau. Tsuntsun dawa ba kayan wasa ba ne, ko a bakin danƙo ko a cikin keji. Wanda yake son tsuntsu da gaske, hanyar da ta fi ita ce ya sa tsuntsun ya riƙa zuwa wurinsa da kansa ya kuma tafi da kansa. Wanda kuma ya ce lallai sai ya yi kiwo, to ga tattabara nan, amma ya san nauyin da ya ɗauka.

Bari na fara da tambaya. Tsuntsaye iri nawa za ka iya kira da sunansu daga cikin waɗanda ke sauka a farfajiyar makarantar nan? Na gwada tambayar a ajinmu. Yawancinmu mun tsaya a huɗu: tattabara, kurciya, hankaka, shirwa. Amma mutum ɗaya ya lissafa mini 'yan wasan ƙwallon wata ƙungiya ta Ingila su goma sha ɗaya har da masu zaman benci. Ban ce laifi ba ne, ni ma ina kallon ƙwallo. Sai dai abin kunya ne a ce baƙon da ke cin abinci a tsakar gidanka kullum ba ka san sunansa ba.

Ku zauna shiru minti goma bayan sallar asuba, ko da yamma kafin magariba, ku gani. Akwai 'yar mitsitsiyar nan ja da muke kira baiwar Allah, wadda ba ta tsoron mutane, tana shigowa har bakin murhu tana tsintar tsakin da ya zube wajen tankaɗe. Namijin ne ja sosai, macen ruwan ƙasa ce da ɗan ja-ja. Akwai hasbiya mai ɗige-ɗigen fari a fiffike da jan zobe a ido, ita ce ke gurnani a saman rufin ajujuwa. Akwai marai, masaƙin da ba ya zuwa koyon sana'a: namijin ne ke saƙa sheƙa da ɗanyar ciyawa, ya rataye a ƙarƙashinta yana kaɗa fiffike yana kiran mace ta zo ta duba. In ba ta yi mata ba, sai ya warware ya sake wata. Akwai tsattsewa da ke yini a sama tana kama ƙwari, har shan ruwa a guje take yi. Da yamma kuma ku ɗaga kai ku ga balbelu a jere farare tas suna komawa makwanci. Wani lokaci, in an yi sa'a, har alhudahuda yakan sauka a fili yana caccakar ƙasa da dogon bakinsa, wannan dai da muke karanta labarinsa da Annabi Sulaimanu a Suratun Namli.

Ga wani abu da na lura da shi da idona kafin na tambayi malaminmu na Bayoloji ya tabbatar mini. Kaza da yawancin tsuntsaye in sun ɗebi ruwa sai sun ɗaga kai sama kafin ya wuce. Kurciya da tattabara kuwa tsoma baki suke yi su zuƙa kamar mai shan kunu, ba sa ɗagowa sai sun ƙoshi. Wannan ba ka ganin sa in tsuntsun yana gudun tsakuwarka.

Hankaka ma mun daɗe muna yi masa ƙazafi. Muna cewa hankaka mai da ɗan wani naka, kamar shi ne ɓarawon 'ya'ya. Masu nazarin tsuntsaye sun gano cewa akwai wata tsuntsuwa da ba ta yin sheƙa, sai ta faki idon hankaka ta zuba ƙwanta a cikin tasa sheƙar, shi kuma ya ƙyanƙyashe ya yi ta wahalar ciyarwa. Ashe kakanninmu sun ga daidai, sun ga ɗan da ba na hankaka ba a gidan hankaka, amma wanda aka cuta shi aka ɗora wa laifin.

Sai shamuwa. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san in ta bayyana to damina ta ƙarato, a fara gyaran gona. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne inda take zuwa da rani. Takan ƙetare tsakiyar duniya ta gangara kudancin Afirka, wajen su Zambiya da Zimbabuwe, ta ci fara a daminarsu, sannan ta juyo ta zo nan ta yi sheƙa ta haihu. Dubban kilomita ke nan, ba fasfo ba taswira. Kuma ku lura, ba a harbin shamuwa. Iyaye ne suka gaya wa 'ya'yansu ba a taɓa ta, magana ta zauna. Ke nan mu Hausawa mun riga mun san yadda ake kare tsuntsu in mun ga dama. Abin da nake nema shi ne a faɗaɗa wannan alfarmar ta kai ga kurciya.

Me ya sa yanzu? Saboda unguwar nan tamu tana ƙara yi wa tsuntsu ƙunci. A shekarar 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi. Mutane sun yi ta magana, jaridu sun rubuta, daga baya aka gina wata a madadinta. Amma akwai abin da ya tafi a hankali ba tare da kowa ya rubuta ba. Kududdufan cikin birni, waɗanda asalinsu ramuka ne da aka haƙi ƙasar gina ganuwa da gidaje, an cike da yawansu an yi gini a kai. Manyan itatuwa irin su rimi da durumi da ceɗiya an sare, an yi shaguna. Tsakar gida da a da ƙasa ce, da bishiya a tsakiya da randa a gindinta, yanzu siminti ne ko tayil daga bango zuwa bango, wani gidan ma an rufe samansa da kwano. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40. Ku gaya mini, a irin wannan rana, ina baiwar Allah za ta sami ɗigon ruwa tsakanin Ƙofar Ɗan'agundi da Gadon Ƙaya in ba a kwata ba, ruwan omo da baƙin mai?

Kada wani ya ce tsuntsaye ba sa ƙarewa. Ku tambayi kakanninku labarin ungulu. Za su gaya muku a da ba a raba mahauta da ungulu, a kasuwa ma sai an kore su. Ni da nake rubutun nan ban taɓa ganin ungulu tana yawo a sararin unguwarmu ba, karin maganarta kawai na gada. A shekarar 2015 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke cikin haɗari a duniya, ta sa irin ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Guba ta kashe wasu, wasu kuma an kama an sayar da kawunansu da sassan jikinsu ga masu tsubbu. Indiya ta ɗanɗana abin da ke biyo baya. A shekarun 1990 wani maganin ciwo da ake yi wa shanu allura ya riƙa kashe ungulayen da suka ci mushen shanun, har fiye da kashi 90 cikin 100 suka mutu. Mushe ya rasa mai kwashewa, karnukan titi suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Sai a 2006 aka hana amfani da maganin ga dabbobi, bayan ɓarna ta riga ta auku. Gauraka ma, wanda ake kira tsuntsun ƙasa na Najeriya, yau ya fi sauƙin gani a tsakar gidan masu hali da Gidan Zoo fiye da a fadama.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa mini a aji.

Wani ya ce ai tsuntsaye ɓarna suke yi, ka je ka tambayi manomi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Jan-baki in suka sauka a gonar gero ko shinkafa a Jigawa ko Yobe ko Kebbi, sukan bar manomi da kara, har sai gwamnati ta tura jirgin sama ya yi feshi. Ban ce manomi ya naɗe hannu ba. Amma wace gona ce a bayan ajinmu? Kurciyar ranar Talata gonar wa ta ci? Kuma ko a wajen manoma, kashe kowane tsuntsu ba dabara ba ce. A 1958 gwamnatin ƙasar Sin ƙarƙashin Mao ta yi shelar yaƙi da gwara saboda tana cin hatsi. Mutane suka fito da ganguna da tukwane suna kaɗawa, suka hana tsuntsayen sauka har suka riƙa faɗowa don gajiya. Da gwara ta ragu sai fara da tsutsa suka sami sarari, domin ashe ita ke cinye su. Wannan ya ƙara wa yunwar da ta kashe miliyoyin mutane a shekarun nan tsanani, kuma a 1960 gwamnatin da kanta ta janye umarnin. Mujiyar da muke jifa muna cewa mugun tsuntsu, ɓeraye take kwana kamawa, waɗanda ke huda buhun masarar gidanku.

Wani kuma ya ce addini bai hana ajiye tsuntsu ba. Haka ne, na tambayi malaminmu na addini. Ya ce ƙanin Anas ɗan Malik yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, kuma malamai sun kafa hujja da wannan cewa ya halatta. Amma ya ƙara da cewa sharaɗin shi ne ci da sha da rashin azabtarwa, ya tuna mini matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Ya kuma ba ni labarin sahabban da suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a hanyar tafiya, uwar ta zo tana ta kaɗa fiffike, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce su da su mayar mata. Da yake maganar kyanwar nan, murfin kwalbata kawai nake gani. Halatta ba ta ɗauke hisabi. Ɗalibin da ke fita ƙarfe bakwai, ya dawo ya wuce Islamiyya, ya dawo ya yi aikin gida, ya tambayi kansa tsakani da Allah ko yana da lokacin riƙe rai a keji.

Wanda ya fi ba ni tausayi a duk tsuntsayen keji shi ne aku. Mun karanta Magana Jari Ce, mun ga akun da ya zama waziri saboda iya zance, kowa yana sha'awar a ce gidansu akwai mai gaida baƙi. To amma aku mai toka-toka da jar wutsiya ba ɗan ƙasar Kano ba ne. Gidansa kurmi ne, dazuzzukan kudancin Najeriya da Kamaru da Kwango, inda yake tashi cikin garke yana haihuwa a kogon manyan itatuwa. Kafin ɗaya ya iso kasuwa da rai, da yawa sun mutu a tarko da cikin kwali a hanya. Saboda yadda kamun ya cinye su, a 2016 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES suka haramta cinikin akun dawa tsakanin ƙasa da ƙasa. Tsuntsu ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da kan yi shekara 40 ko fiye. In aka kulle shi shi kaɗai, kaɗaici yakan sa ya riƙa fige gashin jikinsa da bakinsa. In kun taɓa ganin aku da ƙirji tsirara, ba ƙazuwa ba ce, damuwa ce. Mu kuma muna tsaye muna dariya muna cewa ya ce "sannu".

Tattabara daban take, shi ya sa na ware ta. Ita ta zaɓi zama da mutane tun dubban shekaru. Ka buɗe mata da safe ta tashi ta zaga gari, da yamma ta dawo da ƙafarta, wato da fiffikenta. Yayana yana kiwonsu a saman ɗakinmu cikin tsofaffin tukwane da akwatunan katako, kuma a wurinsu na koyi abubuwan da littafi bai koya mini ba. Ƙwai biyu take yi. Uwa da uba suna karɓa-karɓa wajen kwanci har kusan kwana 18, uban da rana, uwar da dare. In 'ya'yan sun fito, su biyun ne ke ba su wani abu mai kama da nono daga maƙoshinsu. Kashinsu taki ne mai ƙarfi, masu lambu suna nema. Da kuɗin 'yan shila yayana ya sayi takalmin makaranta bara, bai tambayi Baba ko kwabo ba. Wannan kiwo ne na gaske, mai koya wa yaro tashi da wuri da lissafi da haƙuri.

Amma 'yan tattabara, ku ma da sauran magana a kanku. Ku daina janye tattabarun maƙwabta da gero ku rufe ku ce sun zama naku, sata ce ko da fiffike ta zo. Ku daina fige musu gashin fiffike har jini. Ku share ɗakinsu, ku wanke hannu da sabulu kafin ku sa a kwano, kuma in kun ga suna mutuwa a jere kada ku yanka ku ci, ku gaya wa manya a nemi likitan dabbobi. Ku kuma rage hawa katangar mutane da sunan neman tattabara, matan gida suna ƙorafi, kuma suna da gaskiya.

Yanzu ga roƙona, kuma ba ya buƙatar ko naira ɗaya daga asusun makaranta. Ina roƙon shugaban makaranta ya sa danƙo cikin kayan da ba a shigowa da su, kamar yadda aka hana waya, ya kuma faɗa da bakinsa a asambili. Ba don tsuntsaye kaɗai ba: tsakuwar da ta kuskure kurciya ba ta san idon ɗalibi ba, ba ta san gilashin taga ba. Ina roƙon malamanmu na Bayoloji da Aikin Gona su fitar da mu ko sau ɗaya a zango mu zauna a gindin bishiya da littafi da biro, mu rubuta abin da muka gani da sunansa na Hausa. Wanda ba mu san sunansa ba mu kai wa tsofaffin unguwa, tun suna nan. In an tashi shirya tafiyar ƙaro ilimi kuma, a tuna da dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai su yi hunturu a wurinmu.

Mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida mun riga mun fara namu. Mun samo tsohon kasko mai faɗi, mun ɗora shi a kan bulo uku a inuwar darbejiyar nan, a sarari inda muzuru ba zai sami wurin laɓewa ba. Mun sa dutse a tsakiya don ƙanana su sami matakala, ruwan kuma bai wuce gaɓar yatsa biyu ba. Wata 'yar ajinmu ta ce za mu tara sauro. Ta yi tunani mai kyau, amma sauro yana buƙatar kusan mako guda a ruwa kafin ya zama mai cizo, mu kuwa kullum za mu zubar mu ɗauraye mu sake. Kwana biyu na farko ba wanda ya zo sai ƙadangare. A rana ta uku baiwar Allah biyu suka sauka, ɗaya ta shiga ta yi wanka ta fantsama wa 'yar'uwarta. Jiya mun ƙirga iri biyar kafin a koma aji.

Kurciyar ranar Talata tana wurin Baba maigadi a cikin kwali. Ya ɗaure mata fiffiken da tsumma, tana cin gero, amma ya ce ba ya jin za ta sake tashi.

Matsalar da ta rage ita ce Asabar da Lahadi, da kuma hutun da ke tafe, wanda zai faɗo a tsakiyar zafi. Baba maigadi ya yarda zai riƙa buɗe ƙofa ga duk wanda ya zo zuba ruwa, amma ya ce shi ba zai ɗauki alkawarin da ƙafarsa ba za ta cika ba. Mun liƙa farar takarda a ƙasan wannan rubutu, da ranaku a jere. Muna neman waɗanda gidajensu ke kusa, mutum biyu a kowace rana, don in ɗaya ya manta ɗaya ya tuna. Na rubuta sunana a Asabar ta farko. Layin da ke kusa da nawa na bar shi a buɗe, ko mai danƙon nan zai so ya cike.